Ranar da na ga an kwanta a ƙarƙashin mota a gaban mai ita

Asabar ɗin da ta wuce wani Bature abokin aikina ya roƙe ni in kai shi wani ƙauye mai tafiyar kusan awa ɗaya daga Bamingham, inda nake zaune shekara tara ke nan. Mota zai duba. Na ɗauka rabin awa mun gama mun juyo. Awa uku da rabi muka yi a ƙofar garejin wani dattijo, ana yayyafi, kuma tun da na dawo abin bai bar raina ba.

Motar MG ce, samfurin da suke kira MGB, ƙirar 1972. Ja ce, kujera biyu kacal, rufinta na tamfol ne da ake naɗewa baya, kuma ƙasa-ƙasa take, in ka zauna a ciki kamar kana kan tabarma ka miƙe ƙafa. A garin Abingdon aka ƙera irinta, daga 1962, shekarar da aka buɗe jami'armu ta Samaru, zuwa 1980 da aka rufe masana'antar, kuma an yi sama da rabin miliyan. Gidan dattijon na jan bulo ne, da shingen ganye da aka aske shi daidai wa daida, garejin kuma ƙofar katako ce mai kore fenti. Ya lulluɓe motar da tsofaffin barguna biyu. Da ya yaye su, fentin yana ɗaukar ido, bambar ƙarfen tana walƙiya har kana ganin fuskarka. A raina na ce ai magana ta ƙare, a yi ciniki.

Ashe abokina ya ɗauko wani tsohon bakanike da ya biya musamman don wannan aiki, ya riga mu isowa da jakar kayansa. Mutumin nan ko gaisuwa bai gama ba ya ɗaga bonet ya ɗora tafin hannunsa a kan injin. Daga baya ya gaya min dalili: mai mota da ya san injinsa na wahalar tashi da sanyi, ko yana hayaƙi, sai ya ɗumama shi kafin mai saye ya zo. Ya tarar da shi da sanyi, ya gyaɗa kai.

Sai ya ciro ɗan maganaɗisu, ya naɗe shi a ƙyalle don kada ya karce fenti, ya durƙusa ya fara bin gindin ƙofa da shi a hankali, taƙi bayan taƙi. Inda ƙarfe ne sai ya kama. Inda aka cike rami da fila aka shafe da fenti, ba zai kama ba. Ya yi min bayani cewa wannan mota ba ta da shasi daban da jiki, jikin ne ƙashin bayanta, kuma dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi shi ke riƙe da gaba da baya, tunda babu rufin ƙarfe a sama. A ƙasar nan kuma gishiri suke watsawa a titi lokacin hunturu don ƙanƙara ta narke, ruwan gishirin ya shige cikin ƙarfen ya ci shi daga ciki, waje yana sheƙi. Kyan ɗan maciji ke nan. Daf da tayar baya ta ɓangaren direba, maganaɗisun ya sulale ya faɗi kan siminti. Ƙarar faɗuwarsa ƙarama ce, amma dukanmu mun ji ta. Ya ɗauka, ya sake mannawa, ya sake faɗuwa. Ya rubuta a littafinsa.

Daga nan ya sa jak ya ɗaga motar, ya buɗe ƙofa ya rufe sau uku yana kallon tazarar da ke tsakaninta da jiki, domin in gindin ya ruɓe, motar kan lanƙwashe ƙofa ta cije. Ya ɗage kafet ya danna ƙasa da sukudireba. Ya buɗe bayan kujeru inda batura biyu masu bolt 6 suke zaune, ya haska ramin da tocila. Ya kwance murfin baƙin mai ya leƙa ko akwai farin kumfa mai kama da kindirmo, alamar ruwa ya haɗu da mai. Ya cire fulogi huɗu, ya ɗaura ma'auni a kowane rami ya rubuta ƙarfin matsin kowace silinda. Ya gwada lambar jikin motar da ta takarda, harafi bayan harafi. Sai bayan duk wannan aka tayar da ita, shi kuma yana tsugune a bayan salansa yana kallon launin hayaƙi.

Ni kuwa duk wannan lokacin kaina yana ƙasa. Wallahi kunya ce ta rufe ni, kamar ni ake wa tonon silili. Dattijo mai furfura, sa'an Baba, a ƙofar gidansa, ana cusa ƙarfe a cikin kayansa ana neman inda ya yi ƙarya. Ina jiran ya ce a rufe masa mota a fita. Sai na ga ya shiga gida ya fito da tire, shayi kofi huɗu da biskit, ya kuma jawo wani guntun kafet ya shimfiɗa wa bakaniken don kada ya kwanta a jiƙaƙƙen siminti. Da maganaɗisun ya faɗi bai murtuƙe fuska ba. Cewa ya yi, duba ɗaya ɓangaren ma, an yi min walda a wurin a 1998. Ya koma ciki ya ɗauko wani ƙaton fayil. Rasit na sama da shekara talatin, kowane juyen mai, kowace taya, har da takardar shaida daga gidan tarihin motoci da ke Gaydon, wadda ta nuna ranar da aka ƙera motar da launin da ta fito da shi daga masana'anta. Ya rage fam dubu ɗaya da ɗari biyar saboda gyaran gindin, suka yi musabaha, ya raka mu har bakin titi.

Ba sai na gaya muku yadda ake yi a gida ba. Shekara biyu da suka wuce na tura kuɗi a saya wa gidanmu mota, saboda zirga-zirgar Inna zuwa asibiti. Mai motar surukin maƙwabcinmu ne a Tudun Wada. Yaya ya ce zai zo da bakanike, sai mutumin ya ce, "Haba Alhaji, ni da kai? Fentin kamfani ne, ba a taɓa kwance injin ba, mai kawai za ka zuba ka kama hanya." Yaya ya ji nauyi. Aka zagaya da ita daga Kofar Doka zuwa PZ aka dawo, aka sallama, dillali ya karɓi la'adarsa, aka shafa fatiha. Sati uku bayan nan injin ya buga a wajen Jaji, da Inna a ciki, da tsakar rana. Da aka kwance, sai ga shi an ɗura masa baƙin mai mai kauri don ya ɓoye ƙara. Na ce a mayar. Inna ta kira ni da kanta ta ce, "Kada ka ɓata mana zumunci a kan ƙarfe." Na yi shiru, don ba na jayayya da ita. Amma har yau mutumin yana gaisawa da Yaya a masallaci, kuma Yaya ne yake sunkuyar da kai.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya ke nan. Mun mayar da dubawa zargi, mun mayar da tambaya raini, sai kunyar ta zama garkuwar macuci, mai gaskiya kuma bai ƙaru da komai ba. Alhali tun muna makarantar allo aka karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa a ciki, ya ji danshi a ƙasa, ya ce me ya sa bai fito da jiƙaƙƙen sama ba don mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ya cusa hannu. Bai tsaya a kan kallon sama ba. Kuma malamanmu na zaure sun san babin aibi a ciniki, cewa mai saye yana da zaɓin mayar da kaya in an ɓoye masa illa. To yaya aka yi tsohon Bature da bai taɓa jin wannan karatu ba shi ne ke nuna wa mai saye inda aka yi walda, mu kuma muna rantsuwa a kan fenti?

Ban ce su waliyyai ba ne. Suna dubawa haka ne saboda su ma akwai macuta, masu juya mitar tafiya baya, masu cike tsatsa da fila. Doka ma in ka sayi mota a hannun mutum ba a shagon dillanci ba, kusan ta bar ka ne da idonka, muddin bai faɗi ƙarya a bayanin motar ba. Kuma motar da ta wuce shekara 40 an ɗauke mata gwajin lafiyar shekara-shekara na dole, don haka babu wanda zai duba maka in ba kai ba. Akwai kuma sanyin hali a lamarinsu da ba na so, komai takarda, komai sa hannu. Duk da haka, tsakanin awa uku na kunya da Inna a gefen titi a Jaji, na san wanda zan zaɓa.

Sai dai akwai maganar da ta soke ni ranar. Muna shan shayi bakaniken ya tambaye ni daga ina nake, na ce Najeriya. Ya yi dariya ya ce, ai duk motar da ta gaza a Turai can wajenku take ƙarewa. Na ce masa tasu dai ba ta zuwa, tunda mun koma tuƙin dama tun 1972, shekarar wannan motar da yake dubawa, namu daga Baljiyam da Amurka suke biyowa ta Kwatano. Amma ba amsar da nake so in ba shi ke nan ba. So na yi in ce masa, kai da ka zo da ma'auni da littafi, na san mutum a Sabon Gari da zai ɗora kan sukudireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya gaya maka wane fistin ne ke kuka. Shi abokina in yana son sabon gindin ƙofa, oda zai yi a intanet, a kawo masa har gida cikin kwana biyu, don har yau ana buga kayan wannan mota sababbi. Namu kuwa a ƙarƙashin bishiyar darbejiya suke, babu wuta, babu kayan gyara, su yanka gaskit daga kwali, su je Panteka a Kaduna a zuba musu abin da babu shi a kasuwa, motar kuma ta tashi ta kai Sakkwato ta dawo. Ilimin muna da shi, har ya fi nasu a wasu wuraren. Ba ma kiransu ne kafin a biya kuɗi, sai bayan an cuce mu.

A hanyar dawowa abokina yana ta murna, ni kuma Fijon Baba nake gani. 504 ce, ruwan toka, haɗin Kaduna, daga masana'antar da ta fara aiki a 1975. Irin motar da ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a wannan shekarar. Baba ya saye ta sabuwa da bashin mota na ma'aikata. A cikinta na koyi sunayen garuruwan hanyar Funtua, ina durƙushe a kujerar baya. Duk Juma'a da safe ni ke wanke ta, shi kuma ya fito da ƙyalle ya goge sitiyari da kansa, ba ya bari kowa ya taɓa. Har yanzu ina jin ƙamshin kujerunta in rana ta buga su, da ƙarar ƙofarta in an rufe. Kuma babu gishiri a titunanmu. Busasshiyar iskar Zariya ba ta cin ƙarfe kamar damshin nan. Da maganaɗisun mutumin nan zai bi gindin motar Baba, na tabbata ba zai faɗi ko sau ɗaya ba.

Bayan rasuwarsa ta yi shekara shida a kan duwatsu a ƙofar gida, tayoyi sun sace, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Duk zuwana hutu sai in ce baɗi zan sa a tayar da ita. Shekarar da ban je ba, 'yan gwangwan suka zo suka taya, aka sallama musu, suka sare ta da gatari a wurin suka loda a kura. Ban ga laifin kowa ba, wurin ake buƙata, kuma ni da nake ta cewa a bar ta ina can wata duniya. Amma da na ga dattijon nan yana buɗe fayil ɗinsa shafi bayan shafi, yana cewa wannan lokacin da muka je bikin 'yata ne, wannan kuma shekarar da matata ta rasu, sai na juya baya na yi kamar ina kallon shingen ganye.

Daren nan na kira ƙanwata na ce ta buɗe adakar Baba ta duba ko akwai takardun motar. Ta kira ni washegari bayan la'asar. Babu rasit, babu hoto ko ɗaya da motar ta fito sosai, sai wani da aka ɗauka ranar sallah, rabin bonet ɗin yana leƙowa a bayan Yaya. Amma ta sami makullin, ɗaure da igiyar fata da Baba ya sa aka yi masa a wajen dukawa a cikin gari. Ta ce, "Yaya, in ba wa mai zuwa ya kawo maka?" Na ce a'a, ta bar shi a wurin Inna, ni zan zo in karɓa.