Ranar da Na Kai Bindigar Ƙusa Wurin Mai Faci

Tunda labarin ya riga ya kai majalisa, har na ji an ƙara masa gishiri wai suma na yi, gara ku ji shi daga bakina.

Kun san kafintan nan da ya karɓi kafin alƙalamin rumfar awakina tun kafin azumi ya yi ɓatan dabo. Ba zan kama suna ba, ƙanin matar ɗayanku ne. Haushinsa ya sa na kwana ina kallon YouTube, inda mutanen Amurka ke tayar da gida sukutum da katako, mutum ɗaya riƙe da bindigar ƙusa, tas, tas, tas, sai ga bango a tsaye. Na ce ashe abin da ake ja mana rai a kai ke nan. Ni kuwa rumfa ce kawai a gabana, sai katakon rufin kicin da gara ta ci, sai kejin kaji da uwargida ta daɗe tana mita a kai. Aikin jefi-jefi, don haka mai araha nake nema.

Na yi bincike, kada wani ya ce ban yi ba. Akwai mai batir zalla, irin ta DeWalt ko Milwaukee, da na ji kuɗinta sai na lissafa na ga ya fi na awakin da za a yi wa rumfar. Akwai irin ta Paslode mai haɗa batir da ɗan gwangwanin gas, wanda idan ya ƙare ni dai ban taɓa ganin mai sayar da shi ba a nan Katsina, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Guga. Sai mai aiki da iska, ita ce mafi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, kuma kowa ya ce ba ta cika lalacewa ba, ɗan ɗigon mai kawai take so kafin a fara aiki. Na kira wani yaro a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ya turo hoto, na tura kuɗi, aka sa mini ita a mota. Mai digiri 21 ce, wato gwargwadon karkatar jerin ƙusoshinta ke nan, tana cin ƙusa daga inci 2 zuwa 3 da rabi, ya haɗo mini da 'yan jerin ƙusoshi a leda a matsayin gyara.

Abin da yaron bai faɗa ba, kuma shi ya kamata ya faɗa, shi ne iskar dabam ake sayenta. Kwamfiresa, wato injin da ke matso iskar, ta fi bindigar tsada. Wani ya yi mini tayin wata ta hannu da aka kawo daga Amurka, ashe wutar can 120 ce, tamu 230, sai an nemi taransfoma. Ko da na saya ma da wace wutar? Ƙaramin janaretana bai kai wat 1000 ba, ita kuwa mai ƙarfin doki biyu tana neman wajen 1500, lokacin tashi ma ta fi haka.

Sai na tuna da mai facin bakin layinmu. Iska ai iska ce.

Ranar Asabar bayan la'asar na sa almajirai biyu suka tura katakon a kura har bakin titi. Mai faci ya juya bindigar, ya leƙa bakinta, ya ce, “Yallaɓai, mi ake da ita?” Na yi masa bayani cikin natsuwa, har da cewa a ƙasashen da suka ci gaba an daina wahala da guduma. Mai shayi ya ji, masu jiran faci suka ji, ɗan acaɓa ɗaya ya kashe mashin. Ni ban kira kowa ba, amma kafin a kwance katako mutane sun yi da'ira.

Matsalar farko, kan tiyonsa na bawul ɗin taya ne, bindiga kuwa wani irin mahaɗi take so mai shiga da ƙas. Ya ce wannan ba komai ba ne. Ya cire kan, ya cusa tiyon a gindin bindigar, ya yanko robar tsohuwar taya ya naɗe tam, ya ja da haƙori. Na ce masa takardar ta ce ƙarfin iska ya kasance tsakanin 70 da 120 a ma'aunin PSI. Ya dubi gejinsa, wanda allurarsa ke kwance wuri ɗaya tun zamanin da fetur ke da tallafi, ya matsa tiyon da babban yatsa ya ce, “Ta kai.” Daga baya na gane ta kai ta tayar mota yake nufi, wato talatin da 'yan kai, don tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ba ya barin injin nan ya yi minti ɗaya na banza.

Na tsaya yadda na ga ana tsayawa. Na nuna katako, na ja kunama. Shiru. Na sake ja. Shiru.

A nan ne mutuminku mai jar hula ya yi gyaran murya daga kan bencin mai shayi. Kun san shi. Wanda ya ari tsanina tun lokacin canjin kuɗi, lokacin da ake kwana a layin banki, ya ce zai gyara eriya ya dawo da shi kafin magariba. Tsanin nan na gan shi da idona jingine a zauren surukinsa, an ma yi masa fenti. Duk sanda na ɗauko maganar sai ya ce, “Ai shina nan, ba inda ya tahi.” Na san yana nan, ni a gidana nake son ya kasance. Mutumin da bai taɓa kafa ƙusar rataye kalanda ba, amma ba abin da za a yi a unguwar nan bai san wanda ya fi iyawa ba. Ka sayi mota, ta ɗan wansa ta fi shan mai kaɗan. Ka haƙa rijiya, da ka tambaye shi da ya nuna maka inda ruwa yake. Ranar sunan autana shi ne ya ce ragon bai kai shekara ba, a gaban dangin matata, kuma shi ya fi kowa cin naman. To shi ne ya ce, da ƙarfi yadda na tsallaken titi za su ji, “Ɗan nan, ko sai an yi mata caji?”

Aka yi dariya. Ban tanka ba. Wani yaro ɗan makarantar koyon sana'a, da bai fi sa'ar ƙanina na uku ba, ya matso ya ce a hankali, “Baba, sai ka danna bakinta jikin katakon tukuna, ba ta tashi a iska.” Na san da haka. Na karanta. An yi ta haka ne don kada ta harbi mutum. Taron ne ya ɗauke mini hankali. Kuma ban san yaushe na zama Baba ba.

Na danna, na ja. Fuf. Ƙusa ta shiga rabi ta tsaya, kanta a sama tana kallon jama'a. Ta biyu ma haka. Ta uku ta lanƙwashe. Katakon mai tauri ne, wanda na zaɓa da kaina a 'yan katako don kada gara ta sake yi mini ta'adi, su kuwa waɗancan na bidiyo katakonsu mai laushi ne, wannan ma ba wanda ya faɗa mini. Mai jar hula ya ce, “To, ta fara. Sauran rabin sai gobe in an kawo wuta.”

Na ce wa mai faci ya ƙara iska, ko nawa ne man zan biya. Ya ja igiya, inji ya ɗauki ruri, muka tsaya muna jira. Cikin jiran nan ne na ji an yi sallama a bayana da muryar da na sani. Surukina. Mahaifin uwargida da kansa, ya turo mashin ɗinsa tayar baya ta sace, zai je ta'aziyya Ƙofar Marusa. Na durƙusa da bindiga a hannu, kilo kusan huɗu, tiyo na biye da ni, na gaishe shi. Ya amsa, ya dubi katako, ya dubi ƙusoshin nan uku, ya dube ni. Mai faci ya ce, “Baba, sai dai a ɗan yi haƙuri, iskar tana wurin Yallaɓai.” Na ce a cire a ba shi. Baba ya ɗaga hannu ya ce, “A'a, a'a, ku gama aikinku. Aiki ai shi ne gaba.” Aka ba shi benci. Kusa da mai jar hula.

Ku da kuka san Baba kun san bai taɓa ɗaga murya ba. Da ma faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi.

Yanzu iska ta cika, har tankin na huci. Na gyara hula, sabuwar zanna da na tara kuɗinta wata da watanni, na sunkuya, na danna, na ja. Wallahi ƙarar da ta yi ban taɓa jin irinta a bidiyo ba. Mai shayi ya nutse bayan teburinsa. Ɗan acaɓan nan ya tayar da mashin bai ko waiwaya ba, kuma a halin da ake ciki a jihar nan ba mai ganin laifinsa. Ƙusa ta shige har ta nutse cikin katako, wannan kam na yi nasara, sai dai ba wanda ya gani, saboda abubuwa uku sun faru lokaci ɗaya. Ita bindigar tana da wata kafa a ka da iska ke fita bayan kowane harbi, ana juya ta ta kalli gefe, tawa fuskata take kallo. Ta ɗauke hular. Ƙusoshin digiri 21 kuma da roba ake jera su, kowane harbi sai gutsuren robar ya yi tsalle, ɗaya ya same ni a kan hanci. Sannan ɗaurin mai faci ya kwance, tiyo ya fizge ya shiga bulala a ƙasa kamar macijin da aka taka wa wutsiya, yana tayar da ƙura, yara na ihu suna tsalle, ni kuma na ja da baya na ci karo da bahon ruwan da ake gwada taya, na zauna a ciki.

Zama na yi. Ban suma ba. Duk wanda ya ce suma na yi ya zo ya faɗa a gabana.

Hular kuwa ta yi birgima ta bi gefen titi, a hankali, kowa na kallonta, ba wanda ya tare, har ta kai bakin kwata ta ɗan yi jim, sannan ta faɗa. Baba ya ce, “Subhanallahi. Sannu, Malam.” Shekara nawa ina auren 'yarsa bai taɓa ce mini Malam ba sai ranar.

Ina cikin bahon nan, ruwan baƙi na ɗiga daga shaddata, sai ga wanda ya jawo duk wannan. Kafintan. Mutumin da wayarsa ke kashe tun kafin azumi, wanda matarsa ta ce ya tafi aiki Jibiya, ga shi a kan keke da fensir a kunne. Ya jingine keken, ya gaida Baba har ƙasa, ya ce mini, “Maigida, sannu da ƙoƙari.” Bai ƙara ko kalma ba. Ya zaro guduma daga ƙugu, ya bi ƙusoshin da suka tsaya rabi, kowace bugu biyu, ya zare lanƙwasasshiyar ya miƙar da ita a kan dutse ya mayar. Ya ciro 'yan inci huɗu daga aljihu, waɗanda bindigata ba ta ma iya ɗauka, ya haɗa kusurwa huɗun firam ɗin kafin mai faci ya gama ba tayar Baba iska. Mutane suka yi ta sa masa albarka. Shi da ya ci kuɗina. Mai jar hula har da cewa, “Ka ga na gado.” Gadon me? Ubansa dillalin shanu ne, kowa ya sani.

Firam ɗin da aka haɗa a bakin titi kuma bai shiga ƙofar zaure ba, sai ta kan katanga aka ɗaga shi, kuma ana buƙatar tsani. Na aika yaro gidan mai jar hula, aka ce ya fita. Yana kan bencin mai shayi, ina hango shi.

Ƙusoshin gyaran nan sun kusa ƙarewa a gwaje-gwajen da na yi daga baya, da na samo mahaɗin kirki aka daina ɗauri da roba. Gaskiya idan iska ta daidaita tana aiki, ba ƙarya, kejin kaji cikin ɗan lokaci na haɗa shi, duk da sai da na sake kai katako bakin titi, da sassafe wannan karon. Amma na zaga babbar kasuwa neman irin ƙusarta, masu kayan gini na awo suke da su, warwatse, masu kujeru kuma 'yan sirara na F30 suke amfani da su, waɗanda tsawonsu bai wuce milimita 30 ba. Yaron Kano ya turo wasu, da suka iso sai ga su masu jerin takarda, na digiri 34, sun ƙi zama a gidan ƙusar. Ya ce ai duk ƙusa ce. Yanzu sai an sayi kwali guda na dubbai, ni da nake neman ɗari biyu.

Mai faci yana bina kuɗin lita ɗaya da rabi, ni na ce lita ɗaya ce, muna nan a kai. Uwargida ta ce Baba ya tambaye ta ko aikin ofis ɗin ne ba ya tafiya daidai, in da hali a yi mini magana da wani. Kafintan ya aiko wai in ara masa bindigar yana da aikin rufi a Batagarawa, zai haɗa da kuɗin rumfa ya biya gaba ɗaya. Ban ba shi amsa ba tukuna. Wanda duk zai bi ta wajen surukin mai jar hula, don Allah ya duba mini ko tsanin na nan, kore ne yanzu.