An gyara hanyar masu ƙafa, motoci suka gaje ta

Wallahi raina a ɓace yake. Shekara da shekaru muna hawan tudun nan na lambun shaƙatawa da ke tsakiyar gari, muna bin 'yar hanyar da ƙafafunmu suka fitar da kansu, ruwan sama yana zaizaye ta, mu zame mu tashi mu kakkaɓe, ba wanda ya taɓa ce mana sannu. Bana aka wayi gari an kawo gyara: matakalar siminti, ƙarfen dafawa, bencina, fitilu masu aiki da hasken rana. An zuba dakalin masu tafiya a ƙasa tun daga bakin titi har ƙofar lambun, an ja farin layin tsallakawa. Muka ce madalla, yau an tuna mu ma mutane ne.

Ashe wurin ajiye motoci aka gina, mu ne ba mu gane ba.

Ranar Asabar na sauko daga tudun gwiwa na rawa, sai na tarar da wata zungureriyar baƙar mota ta haye dakalin, tayoyi huɗu duk a kai, daidai kan gangaren da aka yi wa masu keken guragu. A gabana akwai wani dattijo makaho. Sandarsa ta bugi bayan motar, ya tsaya cak, ya laluba dama ya ji katanga, ya laluba hagu ya ji bakin kwalta. Ga mai gadin ƙofa nan zaune, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana latsa waya.

Na ce, "Malam, sannu da aiki. Don Allah motar nan ta wa ce? Ta toshe hanya."

Ko kai bai ɗago ba. "Ta mai ita ce."

"Ai na san ta mai ita ce. Nan wurin masu ƙafa ne, ga Baba ya rasa inda zai bi."

Sai a lokacin ya ga dama ya dube ni. Daga takalmina ya fara, ya hau a hankali har kaina, ya sake sauka kan takalmin, ya ɗan daɗe a wurin. Ya ce, "To ku zagaya mana. Titin ya yi muku kaɗan ne?"

Titin da yake nufi shi ne wanda motoci ke gangarowa daga kwana a guje. Na ce masa makaho zai sa ya shiga can? Ya ajiye wayar a cinya, ya gyara zama irin na mai shirin yanke hukunci, ya ce, "Tsaya tukuna. Kai da wace mota ka zo?"

Na ce da ƙafata na zo.

Ya yi murmushi, ya ce, "Shi ya sa."

Shi ya sa! Wato laifina ya fito fili: na zo wurin tafiya a ƙasa da ƙafa. Ban gama haɗiye wannan ba sai ga mai motar ya fito cikin fararen kayan motsa jiki, tawul a wuya. Mutumin da ya kasa ɗaga mini kai ya yi zumbur ya miƙe, har wayar na faɗuwa, "Ranka ya daɗe, an sauko lafiya?" Bawan Allah ya zo takawa ne don lafiyar zuciyarsa, amma taku ashirin daga inda aka tanada don motoci ya fi ƙarfinsa. Ni na kama hannun Baba muka sauka kan kwalta, ina ɗaga wa motoci hannu.

Kuma kar wani ya ce mini ƙaramin abu ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma fiye da ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne. Duk motar da ta hau dakali, tura mutum take yi cikin wannan lissafin. A taron duniya kan kiyaye haɗarin hanya da aka yi a birnin Stockholm a 2020 an nemi a kayyade gudu zuwa kilomita 30 a awa a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Mu fenti aka shafa mana a kwalta, ba tudun rage gudu, ba fitila, direba na ganin ka sa ƙafa ya danna hon.

Shi kansa gyaran, da ka bi shi da ƙafa ka san wanda ya zana shi bai taɓa hawan tudun ba. Matakala ɗaya gajera, ta gaba da ita sai ka ɗaga gwiwa har ƙirji, alhali ko yaron magini ya san rashin daidaiton matakala ne ke kayar da mutum wajen saukowa. Ƙarfen dafawa ya raka ka inda ƙasa take a shimfiɗe, da an zo inda gangara ta yi tsanani sai ya ƙare. Ba a yi wa ruwa hanya ba, ga shi tun yanzu ya fara rarake ƙarƙashin simintin. Tubalan nan masu ruwan ɗorawa da ake shimfiɗa wa makafi, Seiichi Miyake ne ya ƙirƙiro su, aka fara sa su a Okayama ta ƙasar Jafan a 1967: masu dogayen layuka na nufin ci gaba, masu ɗigo-ɗigo na nufin dakata. A nan an jera su ne yadda launin zai yi kyau a hoto, layin ya miƙe tiryan-tiryan ya kai ka ga turken fitila.

Ban ma ga laifin mai gadin sosai ba, abin da ya ga na sama suna yi ya koya. A wurin hukumomi, mai ƙafa mutum ne da bai samu kuɗin mota ba tukuna, don haka ya yi haƙuri. A Medellín ta Kolombiya, a 2011, matakala mai aiki da lantarki aka kafa wa talakawan unguwar Comuna 13 da ke kan tsauni. Mu ba mu roƙi wannan ba. 'Yan turakun ƙarfe a gefen dakali da za su hana mota hawa, da ma'aikaci ɗaya mai ikon cin tarar wanda ya hau ko wane ne shi, su kaɗai muke nema. Amma turke ba ya fitowa da kyau a hoton bikin buɗewa, kuma motar da zai fara tarewa ta masu yanka kirtanin ce. An zo da jerin gwano, an yi jawabi, an tafa, ba ko ɗaya a cikinsu da ya hau matakala goma. Kuɗin ginawa akwai, kuɗin kula babu. Fitilun sun fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya zo dubawa. Damina biyu ta ishi matakalar nan ta rufta, su sake ba da kwangilarta, su sake zuwa da motocinsu su jera a kan dakalin.