Gada ba ta ɗaukar fasinja

Jiya da misalin ƙarfe bakwai na safe na tsaya bakin titi a Rijiyar Zaki, cikin Kano, ina jiran abin hawa. Kusa da ni wani dattijo ne, tela, da ledar ɗinki a hammata, yana ta ciniki da ɗan adaidaita sahu. "Haba ɗana, rage min mana, hawa biyu fa zan yi kafin in kai Kwari." Yaron ya ce, "Baba, wallahi ba ni ba ne, a tambayi gidan mai." Ya ja kekensa ya bar mu a tsaye.

Tun da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, garin nan kacokan a kan ƙafa uku yake tafiya. Da aka cire tallafin mai a 2023 sai abin ya zama gaba kura baya sayaki: in ka hau, aljihu ya yi kuka, in ka taka, ka makara.

Gadoji kam mun samu. Ƙofar Nasarawa, Dangi, Hotoro, ga ta ƙasa a Kabuga. Ban ƙi su ba, ni ma na yi hoto a kan wata. Amma gada mai mota take wa aiki. Wanda ba shi da mota, kuma su ne mafi yawanmu, yana nan a ƙarƙashinta yana ɗaga hannu.

A 2008 Legas ta ware wa manyan bas layinsu su kaɗai, daga Mile 12 zuwa CMS. Dabarar ba a motar take ba, a layin take. Bas ɗin da go-sulo ba ya riƙe shi, shi ne ma'aikaci zai iya ce wa maigidansa ƙarfe takwas ina nan, kuma ya cika alkawari. Abuja kuwa ta yi jirgin ƙasa na cikin gari a 2018, mai kyan gani, sai dai layin bai leƙa Nyanya da Mararaba ba, inda ɗimbin ma'aikata ke kwana. Ya tsaya a 2020, sai 2024 aka dawo da shi. An kashe kuɗi, an tsallake mutane.

Ni abin da ya fi damuna shi ne yadda muke kallon sufuri kamar wani taimako da gwamnati ke yi wa talaka. Jari ne. Ku duba duk inda tasha ta zauna: mai shayi ne ke fara kafa teburi, sai mai ƙosai, sai mai POS, kafin shekara ta zagayo kuɗin hayar shago ya tashi, mai kangon da ya yi shekaru ba rufi ya nemo kwano. Matashin Kurna zai karɓi aiki a masana'antar Sharaɗa ko Chalawa ne kawai idan kuɗin mota bai cinye albashin ba. Rukunin gidajen Amana da Bandirawo ma, duk da dalilan jinkirin cikarsu suna da yawa, wa zai tare a bayan gari alhali bai san me zai hau da asuba ba?

Da za a tambaye ni, manyan tituna huɗu sun isa a fara: titin Zariya daga Na'ibawa, titin Katsina daga Dawanau, titin Gwarzo daga sabuwar Jami'ar Bayero (BUK), da titin Haɗeja daga 'Yankaba. Bas mai layinsa, mai lokaci, mai farashi ɗaya a rubuce. Kada kuma a ce za a kori 'yan adaidaita, bakin da ke ci a keken nan ba ya ƙirguwa. Su ɗebo mutane daga lungu su kawo tasha, bas ya yi doguwar tafiyar.

Dattijon nan dai na bar shi ya kama hanyar Kabuga a ƙafa, wai ko ya rage hawa ɗaya.