Shin Bulus da Yakubu sun saɓa wa juna?

Sau da yawa akan jera ayoyi biyu daga wasiƙun Bulus da Yakubu na Sabon Alkawari a ce Littafi Mai Tsarki yana tufka da warwara. A Romawa 3:28 Bulus ya ce ta wurin bangaskiya ake baratar da mutum, wato Allah ya karɓe shi a matsayin mai adalci, ba ta ayyukan Shari'ar Musa ba. Yakubu 2:24 kuwa ta ce ta ayyuka ne, ba bangaskiya kaɗai ba. Har Martin Luther, jagoran gyaran coci a Jamus, a 1522, ya kira wasiƙar Yakubu ta ciyawa, wato marar nauyi.

Amma ba mutane iri ɗaya suke yi wa magana ba. Bulus yana fama da masu cewa sai wanda ba Bayahude ba ya yi kaciya, ya bi dokokin Musa, kafin Allah ya karɓe shi. Yakubu kuwa masu bangaskiyar fatar baki ne a gabansa. Ɗan'uwa ya zo ba sutura, ciki ba komai, a ce masa ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, amma ko loma ba a miƙa masa ba. Irin wannan bangaskiyar ce ya kira matacciya, ya ce ai aljanu ma sun yarda Allah ɗaya ne.

Dukansu sun kafa hujja da Ibrahim. Bulus ya tsaya kan Farawa 15, inda Ibrahim ya gaskata alkawarin Allah tun kafin kaciya. Yakubu ya kai mu Farawa 22, ranar da bangaskiyar nan ta ɗora Ishaku a kan bagade.

Abin da ke damuna shi ne masu karanta Afisawa 2:8-9, inda Bulus ya ce ta alheri aka cece mu ta wurin bangaskiya, ba ta ayyuka ba, su rufe littafin. Aya ta 10 ta ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka.