Kek ɗin biko

Ku da kuke gurup ɗin kun san shawarar Uwar Biyu ce. Ita ta ce tunda dukkanmu zawarawa ne, ban da Antin Hotoro da mijinta ke Legas (ita ma ai kusan ɗaya ne), me zai hana ranar 14 ga Fabrairu mu haɗu mu yi wa kanmu ranar masoya, tunda babu mai yi mana. Na gama idda, Hajiya ta tafi suna Zariya, falo babu kowa, sai aka ce gidanmu. Kowa ta sa ja. Na haɗa zoɓo saboda launinsa, na yi dafa-duka da farfesun kaza, Yaya ta aiko da dublan. Ƙa'ida ɗaya aka kafa: duk wadda ta ambaci sunan tsohon mijinta, tarar dubu ɗaya.

Tarar ba ta yi aiki ba, don kusan babu mai dubu ɗaya a hannu. Lokacin canjin kuɗin 2023 ne, wa'adin tsofaffin kuɗi ya cika tun ranar 10 ga wata, sababbin kuma sai dai a gan su a hoto, masu POS na yanka mutane, ga layin mai, ga hayaniyar zaɓen 25 ga wata. Biyu daga cikin baƙin da tiransifa suka biya mai adaidaita. A duk falon ni kaɗai ke da sabuwar dubu, wadda na ci rana a layin ATM kafin na samu, na ninke ta na ɓoye a bayan murfin waya.

Ana cikin zuba abinci wayata ta yi ƙara. Hannuna duk mai, sai na ce wa Autarmu ta danna ta sa a sifika.

"Salamu alaikum, Hajiya, mai kawo saƙo ne. Don Allah a yi min kwatance."

"Saƙo daga wa?"

Sai ya faɗi sunan. Cikakke, har da Alhajin.

Falon ya yi tsit. Uwar Biyu ce ta fara dawowa hayyacinta, ta ce wannan bawan Allah ya ci tara. Daga nan sai guɗa. Antin Hotoro ta ajiye cokali ta rangaɗa wadda na tabbata an ji ta har bakin titi. "Biko! Wallahi biko ne! Ai dama saki ɗaya ne, sabon sadaki kawai zai biya!" Ni kuwa na haɗe rai na ce don Allah ku bari, sannan na yi wa mutumin kwatance dalla-dalla, har da launin ƙofa da bishiyar darbejiyar da ke gefe.

Ya ce daga Zoo Road yake, to akwai ɗan lokaci. Ban san yadda aka yi ba, na tsinci kaina a ɗaki na canza mayafi, na ƙara jan baki, wata na fesa min humra, wata na tura kaskon turaren wuta ƙarƙashin zanina, alhali mai babur ne zai zo, ba Alhajin ba.

A daidai wannan lokacin ne Innar gidan baya ta shigo aron rariya. Kun san ta. Ta ga mata cikin ja, ta ji ƙamshi, ta nemi kujera ta zauna da rariyar a cinya.

Saƙo ya iso. Kwali babba ɗaure da jan ƙyalle, ga furanni na gaske, ba na roba ba, ga wata 'yar tsana mai gashi rungume da zuciya. Mutumin da a tsawon zamanmu kyautar da ya fi yi min ita ce katin waya! Na ji wani abu ya taso min a ƙirji, na ɓare murfin waya na zaro sabuwar dubuna na miƙa wa mai babur tukuici. Ya juya ta gaba da baya, ya ɗaga ta sama yana dubawa, ya yi min addu'ar da ko a ɗaurin aurena ba a yi min irinta ba.

Da a nan na tsaya da an rufa asiri. Amma aka ajiye kwalin a tsakiyar falo, aka ce sai na yi magana kafin a buɗe, Autarmu ta kunna bidiyo. Ni kuma na miƙe. Na gyara mayafi. Na ce: "'Yan'uwa, ni ba kayan gwanjo ba ce. Wanda ya yar da zinare, sai ya durƙusa kafin ya ɗauka." Aka yi shewa. Na ce ya je ya samu Kawu tukuna. Aka tafa. Na ce ko zan koma, sai an canza min gida, sai an sa sola, kuma ƙanwarsa ba za ta ƙara buɗe min tukunya ba. Uwar Biyu ta ce a ƙara da mota. Na ce a ƙara. Har na ce, kuma wannan ne yake tashe ni cikin dare, na ce dama na san ba zai iya ba, wadda ya kwaso ko ruwan shayi ba ta iya dafawa.

Sannan na durƙusa, na kwance ƙyallen a hankali saboda bidiyo, na ɗaga murfin.

Kek ne mai siffar zuciya, fari da ja, an yi rubutu a kai da cakulan. Na fara karantawa da ƙarfi, da irin muryar da ake karanta saƙon gaisuwa a rediyo: "Zuwa ga hasken idona…" Na tsaya. Harafin farko ba nawa ba ne. Na karkata kai, ko a juye nake kallo. Na zagaya ɗaya gefen. Daga can ma ba nawa ba ne. Sunan amaryar ne, an ƙawata shi da 'yan furanni, har da ɗigon zinare a kan wasalin ƙarshe.

Antin Hotoro, da bakinta ke buɗe za ta sake guɗa, ta mayar da ita tari. Wata ta ce, "Ƙila mai kek ɗin ce ta yi kuskuren suna." Sai Uwar Biyu, don ta taimake ni, ta zaro katin da ke cikin furannin ta karanta, ko a can an rubuta daidai. A can har da sunan da yake kiranta da shi. Irin wanda yake kirana da shi ne, ko canzawa bai yi ba. Autarmu kuwa ba ta kashe bidiyon ba. Na ce ta kashe, ta ce wai hannunta ya sandare.

Daga baya muka gano bakin zaren. Mai kek ɗin ni na haɗa shi da ita tun ina gidan, lambata ce a wayarta da sunan matar Alhaji. Ya ce a kai wa madam, aka kawo wa madam.

Amma ni duk wannan bai ƙona min rai kamar Innar gidan baya ba. Falo ya yi shiru, kowa na neman inda za ta ajiye idonta, sai matar nan ta leƙa kwalin ta ce, "Allah sarki, ai na san yarinyar, 'yar gidan mutunci ce, ga ladabi. Kuma ta iya girki." Wa ya tambaye ta? Matar da turminmu ke gidanta tun babbar Sallah. Matar da ranar da na dawo gida da akwatina ita ta fara shigowa yi min jaje, da goro a baki, tana ƙirga kayan da aka sauke daga mota. Ta ci farfesu, ta sha zoɓo, ta sa yatsa ta lakaci gefen kek ɗin wai ta ji ko da ƙwai aka yi, ta naɗe dublan a gefen zani, ta fita. Kuma ba gida ta nufa ba, na ga inda ta karya kwana. Kafin sallar isha'i Hajiya ta kira daga Zariya tana tambaya wai da gaske ne na tara mata a falonta ana rabon kek ɗin kishiya? Kishiya fa. Ko kishiyar ma ban samu matsayin ba.

Mai babur ya dawo bayan magariba yana ba da haƙuri, wai an kira shi ana faɗa. Muka shafe wurin yatsan Inna da bayan cokali, muka mayar da ƙyallen, Antin Hotoro ta ɗaure shi da kyau don ita ta iya. Na tsaya a ƙofa ina kallonsa ko zai tuna da wani abu. Ya ce Allah ya bar zumunci, ya ta da babur.

Farfesun dai ya yi daɗi, kowa ta faɗa. Autarmu ta rantse ta goge bidiyon, amma jiya na ji ta a ɗaki ita da ƙawarta suna cewa "sai an sa sola" suna faɗuwa. Wadda ta bar kular abinci mai ruwan toka, tana nan a kicin, murfin ne ban gani ba.