Ranar da Yakuwata Ta Kamu da Shawara

Da farkon damina na ji ana hira a rediyo kan yadda ake lodin zoɓo daga Jigawa da Kano har zuwa Meziko, inda su ma suke jiƙa shi su sha da ƙanƙara. Nan take jinin noma ya motsa mini. Gona dai ba ni da ita, gidan haya nake a Kano, tsakar gidan kuma siminti ne har bakin ƙofa. Sai na samo tsohon bokitin fenti mai cin lita 20, na cika shi da ƙasa, na watsa irin yakuwa. Uku suka tsiro, na tuge biyu na bar mai ƙarfin.

Wata guda tana tashi gwanin sha'awa, kara ja, ganye shar. Safe da yamma sai na juye mata buta guda, har ranar da aka kwana ana ruwa, don kada a ce na yi mata rowa. Da marka ta kankama cikin Agusta, sai ganyen ƙasa suka soma yin rawaya suna zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Uwargida ta leƙa ta ce, "Malam, 'yar nan taka fa shawara ce ta kama ta. Dubi yadda ta koma ruwan ɗorawa."

Bakinta ya kama, sai dai shawarar da ta kusa kashe ta ta mutanen unguwa ce.

Ni na buɗe fage, na ce ƙishirwa ce, na mayar da buta biyu. Maƙwabcina ya ce toka, wai da ita kakarsa take gyara komai. Na zuba kwano guda. Bayan mako sai sabon toho ya fito fari-fari, jijiyoyin kawai ne kore, kamar taswira. Sai daga baya na san cewa toka kamar kanwa take a cikin ƙasa, idan ta yi yawa saiwa ba ta iya jan sinadarin ƙarfe. Mai shayin bakin layi ya ce yunwa ce, in ba ta yuriya. Takin nan kashi 46 cikin 100 nasa naitrojin ne, ɗan cokalin shayi ma ya ishi bokiti, ni kuwa na danƙara mata cikin tafin hannu. Kwana biyu bakin ganyen ya ƙone kamar an soya shi. A masallaci wani ya ce kambun baka ne, har na fara yi wa mai tokar kallon hadarin kaji.

Da dare na fito da tocila ina ɗaga ganye ina neman darɓa, ga ruwan darbejiya na jiƙa na ajiye. Ko ƙwaro ɗaya babu. Su ma sun san ba wurin zama ba ne.

Ana haka Kawu ya zo biki daga wajen Gumel. Ko kallon ganyen bai yi ba. Ya kama bokitin zai ɗaga, ya ji kamar an kafa shi. Ya tsoma yatsa a ƙasar, ya sansana, ya yamutsa fuska.

"Kai, kifi kake kiwo ko shuka? Ina hujin?"

"Wane huji, Kawu?"

Bai amsa ba. Ya sa aka kawo ƙusa, ya gasa ta a kurfoti, ya huda gindin bokitin wuri biyar. Wani baƙin ruwa mai warin kwata ya biyo siminti har ƙofar ɗaki, uwargida na tsaye da tsintsiya tana kallona, ba ta ce uffan ba.

Kawu ya ce yakuwa 'yar jigawa ce, rairayi take so, ta fi jure fari a kan kwana cikin ruwa. Saiwa ma numfashi take yi. Idan ta nutse sai ta ruɓe, ta kasa kai wa ganye ruwa da abinci, shi ya sa za ka gan ta kamar mai ƙishi alhali shaƙewa take. Ya kankare tokar da ke sama, ya zuba yashi da busasshen takin awaki, ya ɗora bokitin kan bulo biyu.

"Wanda ya yi rawaya ba ya dawowa, tsinke shi. Sabon toho za ka riƙa dubawa. Kuma kada ka ƙara ba ta ruwa sai ka tsoma yatsa ka ji ƙasar ta bushe."

Mako uku ina tsoma yatsa kamar mai auna zazzaɓi. Toho ya fito kore shar, reshe ya ƙaru. Kawu ya ce sai rana ta fara gajarta, wajen Oktoba, za ta yi fure, don haka na shiga ƙirga kwanaki, ina tambayar mutane kuɗin buhun zoɓo a Dawanau.

Ranar wata Asabar na dawo da yunwa, aka ajiye mini faten tsaki mai zafi. Na sha, na nemi ƙari, na ce rabon da in ji yakuwa mai tsami irin wannan har na manta, a wace kasuwa aka samo ta?

Uwargida ta ce, "Ba nisa, Malam. Kan bulo biyu."