Ku ƙyale yarinyar nan, ku tambayi makarantarta

Tun jiya kuke ta zagin yarinyar nan 'yar sitaj, wato ɗalibar makarantar lafiya da aka tura koyon aiki a likita, kamar ita ta kai kanta ɗakin yara ta ɗauki allura. Wai hannunta na rawa, wai ta yi ta sokar ɗan mutane ba ta sami jijiya ba. Madalla, Yamai kaf ta zama lokotoro a Facebook. Amma har yanzu ban ga wanda ya tambayi wa ya turo ta ba, kuma me ya koya mata kafin ya turo ta.

Makarantun lafiya na kuɗi sun cika gari, wasu a gidan haya suke. Kuɗin shekara ba a ɗaga wa uba ƙafa ko na dala. Ɗakin gwaji fa? Wani wurin hannun roba ɗaya ne ga aji guda, shi ma a kulle cikin kabad sai ran da baƙi za su zo. Yaro ya haddace sunan kowace jijiya da faransanci, bai taɓa ɗaura igiyar hannu ta fito da jijiya ba, a ɗinka masa farar riga a ce tafi likita. Kenan a jikin 'ya'yanmu zai fara koyo.

Kar wanda ya ce mini "ai a likita ake koyo". A hannun wa? Ku shiga ɗakin yara a watan Satumba, lokacin masassara, yara biyu har uku a gado ɗaya, majo ɗaya na gudu tsakaninsu. Yaushe zai tsaya ya riƙe hannun ɗalibi? Yaron da amai da zawo suka tsotse, jijiyarsa lafewa take, tsohon hannu ma sai ya yi gumi. Allurar artesunate kuwa, ta masassara mai tsanani, da nauyi ake auna ta: 3 mg a kowane kilo ga yaron da bai kai kilo 20 ba, 2.4 mg ga wanda ya kai. Wanda bai saba wannan lissafi a aji ba, ƙarfe ukun dare ne zai koye shi, uwa na kuka a kansa?

Masu cewa "mu ma haka muka koya", Allah ya saka, amma ku nawa ne a lokacinku? Masu cewa babu kuɗin kaya kuwa, ku kalli motar mai makaranta.

Wallahi tausayin yaran nan nake ji. Da yawansu daga ƙauye suka zo, an sayar da tumaki an biya musu, suna son aikin da gaske. A gwada su a makaranta, mai awon hawan jini ya auna a gani, mai ƙarin ruwa ya sa a hannun roba har ya iya, sannan a sa hannu a takardarsa. Wanda bai iya ba ya zauna.

Af, ku kuma 'yan sitaj, farar rigar nan da kuke shiga taksi da ita, ku biya kasuwar Katako, ku zauna fada shan shayi, gobe ku koma da ita kan majinyaci ba wanki, wa ya ce muku kayan ado ce?